Hasken da Mijin Yayata Ya Nema

Abubuwa da yawa sun same ni a sana'ar hoto, kuma mafi yawansu sun bi ruwa, har da waɗanda na yi rantsuwar zan riƙe. Amma ranar da aka yaye ƙyalle daga kan hoton mijin yayata a ƙofar gidan dagacin garinmu, wannan kam ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga kaina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don har gobe muna haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza, kuma 'ya'yansa kawu suke ce mini.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Ɗanbatta da Makoda, irin wurin da gonar wani take ƙarewa a daidai inda ta wani ta fara. In ka yi tari a gonarka, maƙwabcinka ne zai ce maka sannu. Ni a lokacin na buɗe ɗan shagon hoto a Ɗanbatta, ina ɗaukar fasfo, ina gyara hotunan biki a kwamfuta, ina haɗa wa amare kalanda. Mijin yayata kuwa, wanda kowa ke kira Alhaji, shi ne shugaban ƙungiyar manoman garin. Mutum ne mai jiki, mai murya, mai son a gan shi. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya zaɓi inda za a fi ganin hularsa ya zauna. Tsakanina da shi akwai wasan nan na ƙanin mata da mijin ya. Shi yana ce mini mai wasa da inuwar mutane, ni ina ce masa manomin da tafin hannunsa bai san kanta ba.

A daminar shekarar aka yi ta jiran takin tallafi da aka ce za a kawo wa ƙungiya. Ƙauyukan da ke kewaye da mu duk sun karɓi nasu. Yadda ake yi shi ne, kowane gari sai a shafa wa buhunansa fenti kala daban a gefe, don kada wani ya karkatar ya kai kasuwa, kuma tun farko an sanar cewa na garinmu ja ne. Ni ban san da wannan ba a lokacin, don ba na zuwa taron ƙungiya, daga baya na ji. Ana cikin jira sai Alhaji ya tara mutane ya ce namu bai zo ba, na sama sun cinye. Waɗanda suka je sun ce har da ƙwalla a idonsa. Gero ya tsaya cak a gonaki, ganye ya yi rawaya, kuma gonar Babanmu tana cikinsu. Baba suruki ne, kunya ba za ta bar shi ya tsaya gaban mijin 'yarsa yana bin ba'asin taki ba. Mutanen da ko a hanya suka hango juna sai ɗaya ya ratse. Ya kwashi toka da kashin awaki ya zuba iya inda suka kai, ya ce Allah ya sa albarka. Gonar Alhaji kuwa kore shar, zangarniya kamar damtse. In aka tambaye shi sirrin, sai ya gyara hula ya ce sammako ne. Mutumin da yayata ta sha gaya mini hantsi ne yake tashinsa.

Da kaka ta yi, Alhaji ya tara amfanin da babu wanda ya kama ƙafarsa a garin. Dama tun rasuwar tsohon Sarkin Noma ba a naɗa wani ba, kuma Alhaji ya daɗe yana zarya gidan dagaci a kan maganar. Sarautar ba ta da albashi, amma a wurinmu rawani ne mai nauyi. Da kai za a fara shawarar shuka, kai za ka sasanta rikicin iyakar gona, kuma sunanka ya tashi daga Alhaji wane ya koma Sarki har kabari. Ban taɓa ganin mutum yana son abu kamar yadda Alhaji ya so rawanin nan ba. Dagaci ya duba dammunan da ya tara, ya amince, aka sa rana.

To, naɗi kawai bai ishe shi ba. Sai ya ce yana son ƙaton hoto na leda, irin wanda 'yan siyasa ke ratayawa, wanda tsayinsa zai fi na mutum, a kafa shi ranar naɗi. Ya sayi waya mai tsada musamman don haka. Bai neme ni ba, don a cewarsa wayar ta fi duk tarkacen da ke shagona. Ya sa aka fito da buhunan gero da gyaɗa da ke cikin sitonsa aka jibge su dama da hagu, aka jera dammuna a kai don tulin ya ƙara girma. Shi kuma ya sa farar shadda mai aiki, ya tsaya a bakin ƙofar siton da tsakar rana, a ƙarƙashin 'yar rumfar kwano don kada rana ta sa shi gumi. Wani ɗan korensa ya danna masa.

A fuskar waya hoton ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Sai ya tura wa wani mai buga hoto a kasuwa ta manhajar hira, ya ce a gwada masa a takarda. Abin da aka ba shi ne ya kawo shi shagona wata ranar kasuwa, yana huci.

Ya ajiye takardar a kan teburina ya ce, "Kai mai wasa da inuwa, duba nan. Wannan ni ne?"

Na ɗauka na duba. Rigar ta koma farin fili, ko zare ɗaya na aikin bai fito ba. Sama ta wanke tas. Fuskar kuwa, da yake a inuwa take, ta haɗe da duhun ƙofar sito, ba ka ganin komai sai haƙora. Na ce, "Hular dai taka ce, Alhaji."

"Ba wasa ne ya kawo ni ba. Wayar da na saya da tsada za ta mayar da ni gindin tukunya?"

Na ba shi kujera na yi masa bayani iya yadda zai shiga. Na ce wayar nan tasa in an danna ba hoto ɗaya take ɗauka ba. A ƙiftawar ido take ɗaukar da yawa, wani don inda rana ta haska, wani don inda inuwa take, wani tsaka-tsaki, sai ta haɗe su wuri guda, shi ne ake kira HDR. A waya yana kyau ne saboda akwai fitila a bayan gilashin. Takarda ba ta da fitila. Iyakar farinta farin takarda, iyakar baƙinta baƙin tawada. Dole sai an zauna an sauko da hasken da ya yi yawa, an ɗago duhun da ya yi yawa, har su shiga cikin abin da takarda za ta iya ɗauka. Sannan a juya kalolin su koma na tawada, a ajiye a irin fayil ɗin da injin bugawa yake ganewa. Ga shi kuma ya tura ta manhajar hira, wadda take matse hoto ta zubar da rabin abin da ke cikinsa kafin ya isa.

Tun ban kai rabi ba ya fara kallon titi. Ya ce, "Ni duk wannan karatun bai dame ni ba. Ka fito da ni yadda nake."

Na ce, "Yadda kake, ko yadda kake so?"

Ya ce, "Ka kiyaye ni fa, yayarka a gidana take."

Muka yi dariya, na karɓi wayar na jona ta da kwamfuta, na ɗauko asalin hoton da ba a taɓa ba. A nan zan yaba wa wayar, don duk abin da ke wurin ta kwashe ta ajiye, sai dai a nema. Na fara sauko da hasken rigar, sai ga aikin wuya yana fitowa zare-zare. Na sauko da na sama, sai ga shuɗi da ɗan gajimare. Na ɗago fuskar daidai gwargwado, na bar ƙofar siton da duhunta, don duhun ne yake sa farar riga ta fito. Na buga masa ɗan ƙarami a injina na miƙa masa, ina jiran yabo.

Ya nisanta takardar da idonsa, ya kusanto da ita. Alhaji yana da tabarau, amma ba ya sawa a gaban mutane, wai yana tsufar da shi. Ya ce, "Na yi baƙi."

Na ce, "Alhaji ai baƙin ne kai, kuma ba laifi ba ne."

"Wankan tarwaɗa ne ni. Tambayi yayarka. Ƙara haske."

Na ƙara wa fuskar ita kaɗai. Sai ta zama kamar an yanko ta daga wani wuri an manna a kan duhu, shi kansa ya ga bai yi ba. Ya jawo kujera ya matso har ina jin ƙamshin turarensa a maƙogwaro, ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar, abin da na fi tsana a duniya. Ya ce, "Matsalar duhun nan ne na bayana. Haska ko'ina. Ba na son duhu ko kaɗan a hotona, kada mutane su ce a bakin kango na tsaya."

Na ce masa hoto in babu inuwa kwanciya yake yi, ba ya armashi. Ya ce shi ne mai hoton ko ni. Na ja duhun sama kaɗan, ya ce ƙara. Na ƙara, ya ce ƙara. A haka har baƙin ƙofar ya fara yin toka-toka, wasu abubuwa suka fara bayyana a ciki, jere a kan juna. Na ce, "Alhaji, cikin siton fa ya buɗe, buhuna sun fara fitowa. In mayar da duhun wurin?"

Ko kallon wurin bai yi ba, idonsa na kan kumatunsa. Ya ce, "Buhu abin kunya ne ga manomi? Bar su, a san sitona ba iska ke kwana a ciki ba. Ka ɗan rage mini wannan tattarar ta goshi."

Na bar su. A fuskar kwamfutata ƙofar ba ta fi faɗin yatsu biyu ba, kuma na ga wani ja-ja a jikin buhunan, amma ban kawo komai ba. Duk mai wannan sana'a ya san in ka ɗago duhu da ƙarfi yakan yi ɗige-ɗige masu kala, na ɗauka shi ne. Sauran yinin duk a kan fuskarsa muka ƙare, goshi, gemu, ƙasan ido, har sai da ya koma wani saurayi da ni ban taɓa sani ba. Da ya gamsu, na juya kalolin zuwa na tawada, na ajiye a TIFF, fayil mai nauyi wanda ba ya zubar da ko ƙwayar abu, don in an buɗa shi ya yi girma kada ya farfashe. Da na gaya masa haka ya ji daɗi ƙwarai, ya ce shi dama komai nasa mai nauyi yake so. Na zuba a filash, ɗan abin nan da ake ɗaukar fayil a ciki, aka ba direban motar Kano ya kai wa masu babban inji. Aiki ya yi musu yawa, sai da safiyar ranar naɗi hoton ya iso a naɗe a saman mota, ba wanda ya buɗe.

Ranar, ƙofar gidan dagaci ta cika. An kafa rumfuna, an jera kujeru, masu gangar noma suna ta kiɗa, maroƙi yana ta zuba kirari har jijiyar wuyansa ta tashi. Mutanen ƙauyukan kewaye sun zo, an dafa shinkafa tukunya-tukunya. Rawanin yana kan faifai a gaban dagaci, fari sol. Baba ma ya zo, don ba zai yiwu a ce bai zo ba, amma ya shimfiɗa buzunsa can baya a gindin darbejiya, nesa da inda surukinsa yake zaune. Alhaji ya sa an ɗaure hoton a jikin dogayen sanduna biyu tun yana naɗe, aka warware shi a bayan wani ƙaton ƙyalle, wai sai an taru za a yaye kamar yadda manya suke yi in za su buɗe asibiti. Ya roƙi dagaci a fara da yaye hoton kafin naɗi. Da ya bari an fara naɗa masa rawanin, da wataƙila labarin ya canza, don rawani in ya hau kai sauke shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Aka ja igiya, ƙyalle ya faɗi. Gaskiya ni abin da na fara ji alfahari ne, don hoton ya fito fiye da yadda na zata. Aikin rigar raɗau, sama shuɗiya, zangarniyar gero kamar ka miƙa hannu ka tsinka, ga Alhaji a tsakiya yana murmushi, fari tas. Mutane suka yi ta salati da tafi, mai ganga ya ƙara wuta, Alhaji ya miƙe yana ɗaga hannu. Ni kuma ina ta waige-waige ko wani zai tambayi wanda ya yi aikin.

Sai na lura tafin yana raguwa daga gaba, kamar ruwan sama in zai ɗauke. Na sake duban hoton. Ƙofar da ba ta fi yatsu biyu a kwamfutata ba, a nan ta kai girman ƙofar gaske. Cikinta a haske yake kamar an kunna fitila. Buhuna ne farare a jere tun daga ƙasa har rufi, ba irin na gero ba, kuma kowanne da shafin jan fenti a gefensa. Ashe buhunan geron da aka fito da su don tulin ya yi girma, su ne dama aka jera a gaba suka rufe waɗannan. Shi da bakinsa ya ce a kwashe su, shi da bakinsa kuma ya ce a haska wurin.

Wani dattijo da ke zaune a layin gaba, wanda gonarsa ke jikin ta Baba, ya tashi a hankali da sandarsa. Ya je har gindin hoton, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora bakin sandar a kan jan fentin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, ashe na saman nan da suka cinye mana taki a sitonka suke ajiya."

Mai ganga ya tsaya. Maroƙi ne kawai bai ankara ba, don ya ba hoton baya, yana ta faɗin ga bangon gabas ga mai ciyar da gari, sai da wani ya ja masa riga.

Na sha ganin mutum ya rikice, amma ban taɓa ganin gumi ya keto wa mutum da sauri irin na ranar ba. Alhaji ya laluba aljihu ya ciro tabaran da ba ya sawa a gaban mutane, ya sa, ya duba, ya cire. Sai ya juyo wajen dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikin kwamfuta ne. Yanzu ba abin da ba sa haɗawa, sai su sa maka kan akuya a jikin mutum. Ga yaron da ya yi nan, a tambaye shi."

Gaba ɗaya taron ya juyo kaina. Wannan mijin yayata ne, uban 'ya'yanta, kuma idonsa yana kaina yana roƙo, abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Da na ce kuskuren inji ne, da wataƙila wasu sun yarda, don mutanenmu sun ɗauka kwamfuta aljana ce. Amma ta saman kawunan mutane ina hango Baba a gindin darbejiya, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, mutumin da ya yi damina yana yayyafa toka a gindin gero da hannunsa. Raina ya ɓaci, irin ɓacin da ban san ina da shi ba.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban saka komai ba, ban cire komai ba sai tattarar goshi. Haske kawai na ƙara, shi ma Alhaji ne ya ce in ƙara."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka yi masa tsawa. Dagaci dattijo ne marar yawan magana. Ya dubi hoton, ya dubi Alhaji, ya ce, "To ai siton ba a Makka yake ba. A je a buɗe." Alhaji ya ce makullin yana hannun direbansa, ya tafi Kano. Sai dagaci ya aiki wakilinsa cikin gidan Alhaji ya tambayo. Yayata, baiwar Allah, tana can tsakiyar mata ana ta rabon abinci, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ta ɗauka wasu buhunan za a fito da su don ado, ta zaro makulli daga ƙusa ta bayar.

Ban bi su siton ba. Na ji dai da aka buɗe, abin da ke cikin hoton shi ne a ciki, har buhun da ya ɗan karkace a sama. Ashe ajiye su ya yi yana jiran masu noman rani su fara nema farashi ya tashi, bayan ya ɗebi na gonarsa. Da wakili ya dawo ya raɗa wa dagaci, sai dagaci ya dubi faifan da ke gabansa ya ce a mayar da rawanin cikin gida, kada ya yi datti. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya tashi. Shinkafa dai an cinye ta tas, don mutane sun ce ita ba ta yi laifin komai ba. Baba kuwa tun kafin a dawo daga siton ya naɗe buzunsa ya bi ta bayan masallaci ya tafi gida.

Washegari aka raba takin gida-gida. Da aka kawo wa Baba nasa, ya dubi buhun ya ce, "Taki bayan kaka, ihu bayan hari ke nan. Ku kai wa masu rani." Bai taɓa ambaton maganar ba har ya bar duniya, kuma bai fasa ratse wa surukinsa a hanya ba, sai dai daga ranar Alhaji ne yake riga shi ratsewa. Na yi zaton Yaya za ta yi fushi da ni, har na ɗauke ƙafa daga gidan. Da muka haɗu ta yi kuka sosai, amma ba rawanin take yi wa ba. Ta ce, "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Da na ga geron Baba bai yi ba, ni ce nake ɗiba daga rumbun gidan nan ina aika masa a ɓoye, ina ganin taimako nake yi. Ashe hakkinsa nake mayar masa da mudu, yana sa mini albarka."

Alhaji ya yi wata da watanni bai taka kasuwar Ɗanbatta ba. An sauke shi daga shugabancin ƙungiya, sarautar kuma aka ba wani. Ranar da ya fara zuwa, ya tsaya a ƙofar shagona bai shigo ba, ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Na ɗauka haƙuri ya zo bayarwa, ko a ce ya ba ni saƙo wurin Baba. Sai ya ce, "Kai ma ba ka kyauta ba. Me ya sa ba ka bar duhun nan ba?"

Na ce, "Na bari, Alhaji. Kai ka ce in ƙara."

Ya ce, "Ai da ka nace."

Ka ji fa. A ganinsa har ranar laifin ba na wanda ya ɓoye takin gari ba ne, na wanda bai nace a bar duhu ba ne. Ledar hoton kuwa ba a yar da ita ba, don a ƙauye ba a yar da leda mai kauri irin wannan. Yaya ce take shanyar kuɓewa da barkono a kanta a tsakar gida, kuma na lura ba ta taɓa kifa ta ba, fuskar ce kullum a sama.

Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini hoto ya ce a haska shi, sai na buɗa masa kowane lungu na hoton ya gani da idonsa kafin a buga, in yana da tabarau in ce ya sa. Wasu suna jin haushi, suna cewa ina ɓata musu lokaci. Ni dai abin da na koya shi ne, haske ba ya zaɓe, in ka kira shi don fuskarka sai ya zo har da abin da ke bayanka. Saboda haka duk mai son a gan shi da kyau a gaban jama'a, kafin ya gyara hula, ya fara juyawa ya duba abin da ya ajiye a siton.